Sabuwar Manhajar Waya Tana Tafe, Amma Ta Wace Hanya?

A wannan karo za mu taɓa wata magana wadda ta fi yawa a bakin samari da 'yan mata, amma nauyinta kan iyaye yake faɗuwa, watau maganar sabuwar manhajar waya da ake jira kowace shekara. Da zarar kamfani ya yi shelar cewa ga sabuwa nan tafe, sai ka ga yaro yana ta danne-danne safe da yamma, yana duba ko ta iso. Abokinsa ya samu tun makon jiya, shi kuwa shiru kake ji. Daga nan sai ya fara cewa wayarsa ta lalace, ko an cuce shi a kasuwa, ko kuwa ya zo wurin mahaifinsa da zancen a sake masa wata. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bi sawun abin nan tun daga inda aka shirya shi har ya iso hannunmu, gama fasinjan da ya san hanya ba ya damun direba da tambayar ko an kusa.

Mu malamai mun san kalmar manhaja tun kafin waya ta are ta. A makaranta, manhaja ita ce tsarin da ya nuna abin da za a koyar, da lokacin da za a koyar da shi, da yadda darasi zai bi darasi. To, waya ma tana da nata tsarin. Akwai ƙananan manhajoji waɗanda mutum yake ɗorawa da kansa, kamar WhatsApp ko manhajar banki. Akwai kuma babba, uwarsu duka, wadda take farkawa da zarar an kunna waya. Ita ce take raba wa kowace ƙaramar manhaja wurinta, ta ba wannan izinin buɗe kyamara, ta hana wancan leƙa saƙonninka, ta kuma lura da yadda ake cin batir. Ita muke nufi da uwar manhaja a wannan rubutu. A duniyar yau gidaje biyu ne suka kusan cinye kasuwar. Akwai iOS ta kamfanin Apple, wadda ba ta zama sai a cikin iPhone, wayar da ta fara fitowa a 2007. Akwai kuma Android ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Tecno da itel da Infinix da Samsung da Redmi da muke gani a hannun jama'armu duk 'yan gidan Android ne.

Bari mu fara da gidan Apple, domin nasu zancen gajere ne. Kowace shekara a watan Yuni sukan yi taro a Kalifoniya su nuna abin da sabuwar manhaja za ta ƙunsa. Sa'an nan su ba masu rubuta ƙananan manhajoji ita domin gwaji, a watan Yuli kuma su buɗe gwajin ga duk mai so. Sai a watan Satumba a sake ta ga kowa. A 2025 an nuna ta ran 9 ga Yuni, aka sake ta ran 15 ga Satumba. A shekarar ce ma suka tsallake daga lamba 18 zuwa 26, domin lambar ta riƙa tafiya da shekarar da za a fi amfani da manhajar. Abin lura a nan shi ne rana ɗaya ce ga duniya duka. Sun saba sakinta da ƙarfe goma na safe agogonsu, watau wajen ƙarfe shida na yamma a Nijeriya, kuma mai iPhone a Jos da mai iPhone a Landan suna iya ɗaukowa a sa'a guda, in dai wayar tana cikin waɗanda aka lissafa. Dalili kuwa a fili yake. Apple ne ya tsara wayar, shi ya tsara ƙwaƙwalwar da ke cikinta, shi ya rubuta manhajar, kuma samfuran da zai kula da su 'yan kaɗan ne. Gona tasa, iri nasa, ba wanda zai jira.

Gidan Android kuwa ba haka yake ba, a nan ne kuma yawancinmu muke zaune, saboda haka a nan za mu daɗe.

Duk malamin da ya taɓa ganin an canja manhajar makarantu ya san yadda abin yake. A Abuja za a yi biki a ce daga bana ga sabon tsari. Amma ranar bikin ba ita ce ranar da yaro a aji zai ga canji ba. Sai masu buga littattafai sun sake rubuta littattafansu, sai jihohi sun duba sun daidaita, sai an tara malamai an koya musu, sai littafin ya hau mota ya iso. Makarantar da ke bakin titi a babban birni za ta samu a zangon farko, ta ƙauye sai baɗi, wata kuwa har a sake canja tsarin ba ta ga na farkon ba. Haka Android take tafiya. Google yakan gama aikinsa ya shimfiɗa shi a fili domin kowane kamfani ya ɗauka. Wayoyinsa na kansa, masu suna Pixel, su ne sukan samu da wuri. Ga sauran kuwa, tafiya yanzu ta soma.

Zango na farko shi ne wurin masu ƙera ƙwaƙwalwar waya. Yawancin kamfanonin da sunansu yake a bayan waya ba su suke ƙera wannan ɗan ƙaramin abu ba, saye suke yi daga Qualcomm na Amurka, ko MediaTek na Taiwan, ko Unisoc na ƙasar Sin. Dole waɗannan su gyara nasu ɓangaren domin sabuwar manhaja ta iya magana da kyamara da lasifika da abin kama layi. In mai ƙwaƙwalwa ya ce ya daina kula da wani tsohon samfuri, to, sau da yawa magana ta ƙare ke nan, ko da mai wayar yana so.

Zango na biyu shi ne wurin kamfanin wayar, kuma a nan aka fi daɗewa. Ba kamfanin da yake son wayarsa ta yi kama da ta maƙwabcinsa, don haka kowa yakan ɗinka wa Android tasa rigar. Samsung yana kiran tasa One UI, Tecno yana da HiOS, Infinix yana da XOS. Tecno da Infinix da itel kuwa, ga wanda bai sani ba, 'ya'yan uba ɗaya ne, watau kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen. In Android ta canja, sai an warware rigar nan an sake ɗinki, sa'an nan a gwada ta a kan kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya. Kamfani mai samfura da yawa a kasuwa ba zai iya yi musu duka a lokaci guda ba. Da wa zai fara? Da mai tsada mana. Wayar da aka saya da kuɗi mai yawa ita ce a gaban layi, mai matsakaicin kuɗi ta biyo, mai araha kuwa tana can ƙarshe, in ma an sa ta a layin.

A Amurka da waɗansu ƙasashen Turai akwai zango na uku, domin a can mutane da yawa daga hannun kamfanin layi suke karɓar waya, shi ma kuwa sai ya yi nasa gwajin kafin ya yarda a saki. Mu nan a kasuwa muke sayen waya mu sa layin da muke so, don haka wannan zango bai cika shafarmu ba. Amma yana shafar wanda ya sayi wayar gwanjo da aka shigo da ita daga can. Wayar tana Kaduna, amma a lissafin kamfani har yanzu 'yar Amurka ce, kuma jerin can take bi. Shi ya sa za ka ga waya biyu iri ɗaya, suna ɗaya, launi ɗaya, ɗaya ta samu ɗaya ba ta samu ba.

Ga misali domin a ga tsawon hanyar. Google ya shimfiɗa Android 15 a farkon Satumba 2024, wayoyin Pixel suka samu ran 15 ga Oktoba na shekarar. Masu Galaxy S24 kuwa, wadda ita ce babbar wayar Samsung ta 2024, ba su fara samun tasu ba sai ran 7 ga Afrilu 2025, aka kuwa fara da Koriya ta Kudu. Ba a jima da farawa ba kamfanin ya dakatar da rabon na 'yan kwanaki saboda wata matsala da ta ɓullo, sa'an nan ya ci gaba. Ƙananan wayoyinsa suka biyo a watannin baya. Kafin waɗansu su gama murnar samun 15, Google ya riga ya saki Android 16 ran 10 ga Yuni 2025. In babban kamfani irin Samsung ya ɗauki wata bakwai kafin ya kai wa wayarsa mafi daraja, to, yaron da ke riƙe da waya mai araha ba shi da dalilin cewa an yi masa rashin adalci don ya jira mako uku.

A nan bari mu ɗan ratse. Shekaru da dama Google yana raɗa wa kowace sabuwar Android sunan wani kayan zaƙi, yana bin jerin baƙaƙe kamar yadda muke jera sunayen yara a rajista. An yi KitKat a 2013, Lollipop a 2014, Marshmallow a 2015, Nougat a 2016, Oreo a 2017, Pie a 2018. A 2019 suka daina sanar da irin waɗannan sunaye suka koma lamba, suka ce ba ko'ina a duniya aka san waɗannan abubuwa ba. Gaskiyarsu ne. Da mu suka tambaya da ba su rasa suna ba, ga alewa, ga dakuwa, ga gullisuwa, ga hanjin ligidi, ga iloka, ga kantu, ga nakiya, kuma a jere suke.

Ko bayan an gama duk waɗannan zanguna, kamfani ba ya buɗe ƙofa gaba ɗaya. Yakan fara ba mutane kaɗan, ya saurara ya ji ko akwai kuka. In shiru, ya ƙara yawansu, har ya game kowa. Na'ura ce take zaɓen waɗanda za su fara samu, ba ruwanta da wanda ya fi ɗoki, don haka danna wurin dubawa sau hamsin a rana ba lalle ya matso da kai gaba ba. Kamar ruwan farkon damina ne, ya sauka a wannan unguwa ya bar waccan, alhali hadarin ɗaya ne. Wannan jinkiri kuwa alheri ne a gare mu, ko da yake ba ya yi wa mai jira daɗi. A watan Satumba 2014 Apple ya saki wani ɗan gyara mai lamba 8.0.1. Nan da nan masu sabuwar iPhone 6 suka ga wayoyinsu sun daina kama layi, abin karanta yatsa ma ya daina aiki. A ranar kamfanin ya janye shi. Waɗanda suka yi tsere suka ɗauko su ne suka kwana ba kira, waɗanda suka yi nawa kuwa ba abin da ya same su. Ra'ayinmu a kan babbar sabuntawa ta shekara shi ne, in ta iso, a bar ta ta kwana biyu ko mako guda, a ji abin da masu irin wayar suke faɗa. Wayar da ake sana'a da ita kuwa, ko wadda ita kaɗai ce a gidan, kada a kuskura a sa ta cikin masu gwaji, gama manhajar gwaji ba a gama dafa ta ba, kuma manhajar banki takan ƙi aiki a kanta.

Amma fa akwai sabuntawa iri biyu, kuma a ganinmu jama'a sun sa ido a kan wadda ba ta fi muhimmanci ba. Babbar ta shekara ita ce mai kawo sabon launi da sabon fasali, ita ake ɗoki. Akwai kuma ƙarama, wadda ba ta canja kome da ido zai gani, aikinta toshe ɓaraka ne. Wannan ita ce mutane suke ture wa gobe, su ce ba su da data, ko ba su ga amfaninta ba.

Ga asalinta. A watan Yuli 2015 wani mai bincike mai suna Joshua Drake, na kamfanin Zimperium, ya bayyana wata ɓaraka a cikin Android wadda aka sa wa suna Stagefright. Mugu yana iya aiko da saƙon bidiyo zuwa lambar mutum, a waɗansu wayoyi ma ba sai an buɗe saƙon ba, ya sami hanyar shiga. An ƙiyasta wayoyi wajen miliyan 950 ne abin ya shafa. Google ya yi gyaran, amma ta ina gyaran zai bi ya isa ga mutane? Ta doguwar hanyar nan da muka bayyana. Wayoyi masu ɗimbin yawa ba su taɓa samunsa ba. Wannan abin kunya ne ya sa daga Agusta 2015 Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata, manyan kamfanoni kuma suka yi alkawarin bi. A 2017 ya sake fasalin Android da wani shiri mai suna Treble, ya raba ɓangaren masu ƙwaƙwalwa da sauran manhajar domin kada kowane canji ya zama sai an rushe gida duka. A 2019 kuma ya ƙara da shirin Mainline, wanda ya ba shi damar aiko da gyaran waɗansu sassa kai tsaye ta Google Play, ba sai ya jira kamfanin waya ba. Hanyar ta ragu, amma ba ta ƙare ba.

Me ya sa wannan ya shafi gidanmu? Domin wayar yau ba ta gaisuwa kaɗai ba ce. A cikinta albashi yake shiga, ta cikinta ake biyan kuɗin makaranta, a cikinta hotunan 'ya'yanmu suke, da lambobin sirri da banki yake aikowa. Ranar da aka fitar da gyaran wata ɓaraka, ranar ce kuma ɓarayi suke sanin inda ɓarakar take. Wayar da ba ta karɓi gyaran ba ta zama kamar gidan da aka yi shelar cewa katangarsa ta faɗi ta baya. Saboda haka ƙaramar sabuntawa ba a jinkirta ta. Kowa ya shiga wurin saitin wayarsa, ya nemi inda aka rubuta bayanin wayar, zai ga lambar Android ɗinsa, zai kuma ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In kwanan watan nan ya wuce shekara guda, kuma an duba ba sabo, to, alama ce kamfani ya saki hannun wannan waya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ba mu cika yi a kasuwa ba. In mun je sayen waya a Farm Centre a Kano ko a wata kasuwa, mukan tambayi girman batir, da kyan kyamara, da yawan abin da za ta iya ɗauka. Da wuya ka ji wani ya ce, shekara nawa kamfani zai ci gaba da aiko mata da gyara? Alhali kuwa wannan shi ne tsawon ranta. A da, shekara biyu ko uku ne abin da yawancin wayoyin Android suke samu. A Oktoba 2023 Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8, a Janairu 2024 Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24, daga baya ma ya ba waɗansu ƙananan wayoyinsa shekara 6. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka wadda ta fara aiki ran 20 ga Yuni 2025, cewa wayar da za a sayar a ƙasashenta sai an ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Wayoyi masu araha da yawa kuwa babbar sabuntawa ɗaya suke gani, waɗansu da wadda aka haife su da ita suke mutuwa. Ba muna cewa kowa ya sayi mai tsada ba ne, mun san halin da aljihu yake ciki. Muna cewa ne in waya biyu sun yi kusa a kuɗi, a tambayi wannan, a kuma duba shekarar da samfurin ya fito. Lissafin shekarun daga ranar fitowar samfurin yake farawa, ba daga ranar da ka saya ba.

Masu sha'awar gwanjo su ne suka fi bukatar jin wannan. Tsohuwar iPhone mai sheƙi tana da kwarjini a hannun saurayi, amma iOS 26 ta 2025 daga iPhone 11 ta fara, ta bar XR da XS na 2018 a baya. Apple yakan ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyaran tsaro na ɗan lokaci, amma hanyar gangara ce. Sannu a hankali ƙananan manhajoji su ma sai su juya baya. A Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu ba ta kai lamba 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6. Wayar tana kunnuwa, gilashinta ba tsaga, amma ba ta iya yin abin da aka saye ta dominsa.

Akwai masu cewa su ba sa sabuntawa sam, domin wai dabara ce ta kamfani ya kashe tsohuwar waya a sayi sabuwa. Ba za mu ce zancen ba shi da tushe ba. A Disamba 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa tasa tana rage saurin waɗansu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji. Ya ce ya yi haka ne domin kada su riƙa mutuwa farat ɗaya, amma bai gaya wa masu wayoyin ba tun farko. Ya ba da haƙuri, ya rage kuɗin canja batir daga dala 79 zuwa 29 na shekarar 2018, hukumomin Faransa kuma suka ci shi tarar yuro miliyan 25 a Fabrairu 2020. Laifi ne, an kuwa hukunta shi. Amma wanda ya ƙi gyaran tsaro saboda wannan labari ya yi fushi da kaza ne ya huce a kan dami. Har wa yau a sani, kwana ɗaya ko biyu bayan babbar sabuntawa waya takan ɗauki zafi, batir ya riƙa saurin ƙarewa, domin tana sake jera kayanta ne a ciki. A ba ta kwanakin nan kafin a yanke mata hukunci.

To, in ranar ta zo fa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa kome, a kwafe hotuna da lambobin mutane da saƙonni zuwa wani wuri, ko a kwamfuta ko a ma'ajiyar intanet, a kuma tabbata an tuna da kalmar sirrin asusun Google ko na Apple, gama wayar tana iya tambaya bayan ta farka. A share tarkacen bidiyon da aka tara domin a sami fili. Batir ya wuce rabi, in da hali ma waya tana jone da wuta, kuma kada a fara a lokacin da ake jiran kira mai muhimmanci. Babbar sabuntawa takan kai gigabait da dama, kuma tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali. A nemi wurin da akwai wayfai da aka amince da shi, ko a yi amfani da datar dare mai rangwame. In ta fara ɗorawa, allon ya yi duhu ko ya tsaya a kan tambarin kamfani, a ƙyale ta. Kashe waya a tsakiyar wannan aiki shi ne yakan kai ta wurin mai gyara.

Abu ɗaya kuma da muke roƙon iyaye su nanata wa yara, su ma su riƙe. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin waya take fitowa, ba ta wata ƙofa ba. Ba ta zuwa ta saƙon WhatsApp, ba ta zuwa da adireshin da za a ce ka danna, ba ta neman kuɗi, ba ta tambayar lambar katin banki. Mazambata sun san lokacin da jama'a suke ɗoki, a lokacin ne suke baza saƙon cewa danna nan ka sami sabuwar manhaja kafin kowa, ko kuwa wayarka za ta rufe cikin awa 24 in ba ka sabunta ba. Haka kuma yaron da haƙurinsa ya ƙare yakan kai waya a yi mata filashin da manhajar wata ƙasa ko wadda ba a san asalinta ba. Wani lokaci abin ya yi, wani lokaci kuwa a dawo da waya ba ta kama layi sosai, garantinta ya tashi, sabuntawar gaskiya ma ta daina zuwa.

Sai kuma tsofaffinmu. Yaro yana murna in fasalin waya ya canja, amma kaka wadda da ƙyar ta haddace cewa kore na gefen hagu shi ne na kiran ɗanta, in ta wayi gari ta ga an sake wa kome kama, sai ta ajiye wayar ta ce ta lalace, wataƙila ma ta ji kunyar tambaya. A Satumba 2013, sa'ad da Apple ya sake wa iOS fuska gaba ɗaya a lamba 7, mutane da yawa sun yi irin wannan kuka, a 2025 ma aka sake jin irinsa da aka mai da alamomin allo kamar gilashi. Saboda haka wanda yake kula da wayar Baba ko ta Inna kada ya sabunta ta da dare ya kama hanya da asuba. Ya zaɓi ranar da yake gida, ya zauna kusa da su bayan an gama, ya mai da alamomin inda suka saba ganinsu, ya ƙara girman rubutu in ya ragu, sa'an nan ya ce su kira shi sau ɗaya yana zaune a wurin, su kuma buɗe saƙo ɗaya da hannunsu.